Murtsunguwar Tasi'u

Kun san dai Tasi'u, ba a yin zance a gabansa ya wuce bai tsoma baki ba. To, yana neman auren Rakiya 'yar Alhaji Mamuda, shi kuwa Alhaji ya ƙi sa rana, ya ce sai ya gama bincike a kan sallar yaron. Tun daga nan Tasi'u ya sayi wani carbi mai dubu, ko shayi zai sha yana hannunsa.

Ran nan Alhaji ya ce ya kai shi wurin masu sayar da furanni a bakin titi, yana son abin da zai ɗan ƙawata tsakar gida. Jiki na rawa Tasi'u ya kawo mota. Alhaji ya zaga ya zaga, idonsa ya tsaya kan tukwane biyu: alobera mai kaurin ganye, da wata murtsunguwa mai ƙaya, ƙundumemiya.

Ya ce, "Malam, wacce ta fi sauƙin riƙo?"

Mai furen ya ce, "Duk ba su da wahala, ranka ya daɗe, ruwa ne dai ba sa so. Alobera sau ɗaya a mako ya ishe ta. Murtsunguwa kuwa sau ɗaya a wata. Ka wuce haka, saiwar ta ruɓe, ka wayi gari ta zama kunu."

Alhaji ya ce, "Ash! Ni da nake son in ajiye ta inda nake alwala, ta riƙa shan ruwan."

"A'a, Alhaji! Sau biyar a rana? Ko mako biyu ba za ta yi ba."

Da Tasi'u ya yi shiru, wallahi da yanzu mun ci shinkafar biki. Amma ina! Sai ya gyara tsayuwa, ya kaɗa carbi, ya ce, "Baba, kada ka biye masa, masu furen nan sun cika tsoratar da mutane. Ni ina da irin wannan murtsunguwar sak. Shekara biyu ke nan tana nan daidai inda nake alwala, ban taɓa matsar da ita ba. Ka ganta kuwa? Ɓul-ɓul! Bana har fure ta yi."

Mai furen ya sunkuyar da kai, ya shiga gyaran wata tukunyar da ba abin da ya same ta. Alhaji ya dubi murtsunguwar, ya dubi carbin, ya daɗe yana shafa gemu.

Ya ce, "Shekara biyu, Tasi'u?"

"Har da wata uku, Baba."

Sai Alhaji ya juya wurin mai furen ya ce, "Malam, ɗauko masa aloberar nan, kyauta ce daga gare ni. Mu fara samun Juma'a tukuna."