Yadda Za Ki Yi Ido a Ƙeya

'Yar'uwa, in kina da yaron da ya fara hawa kujera, kin san ido biyu ba sa isa. Ki bi matakan nan, na yi miki alkawari zai rantse kina gani ta ƙeya. Da wannan dabarar na raba 'yata da ashana, kuma har yau ko ɗan yatsa ba ta ƙone ba.

1. Ki goge murfin tukunya

Ki jingina shi da bango inda kike wanke-wanke, ya zama madubi. Da kin hango ƙaramin hannu ya nufi ashana, ki ce a hankali, "Ajiye." Kada ki waiwaya. Waiwaye shi ke tona asiri.

2. Ki ji tsoron shiru

Yaro mai hayaniya lafiyarsa ƙalau. Wanda ya yi tsit, ko sabulu yake ci, ko labule yake yi wa aski. Daga inda kike ki ce, "Ina ganinka fa." Kada ki faɗi abin da kika gani, mai laifi zai cike sauran da kansa.

3. Ɗankwali ya zauna daram

Tawa ta taɓa tambayata, "Mama, ina idon yake?" Na ce yana ƙarƙashin ɗankwali, ba ya son iska.

4. Ki ja kunnen babansu

Shi ne babban haɗari. Nawa ya ce a gabanta, "Ke da kike neman waya tana hannunki?" Irin wannan, ki taka masa ƙafa kina murmushi.

5. Ki shirya wa ranar jarrabawa

Tana nan tafe. Tawa ta same ni ina wanke-wanke, murfin kuma yana kan tukunya. Yarinyar ta tsaya bayana da takarda.

"Mama, kalli abin da na zana. Kada ki juyo, da na bayan za ki gani."

Na tuna tana son dabbobi, na yi ta maza.

"Masha Allah, wannan saniya ta yi kyau."

Ta ce, "Ke ce fa."

A nan ki ajiye soso, ki juyo, ki durƙusa. Haka na yi. Ta zana ni da ido uku, ga ta a gefe riƙe da zanina. Na ce mata na bayan aikinsa ashana da wuta kawai, abu mai kyau kuwa sai da na gaba. Ta daɗe tana nazari, sannan ta shafa ƙeyata.

"Sannu. Gobe Baba ya saya wa na bayan tabarau."

Gargaɗi: in yaronki ya ja ki wajen likitan ido, ko ya sanar wa baƙi cewa ba kya bambanta kanki da saniya, ba ruwana, ban san ki ba. Ashana kuwa, ko ido goma gare ki, ki ɗora ta can saman kabad.