Rasuwar Kududdufin Bayan Marina, Wanda Aka Toshe wa Numfashi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da abin da ya fi baƙin ciki muni, ni Attahiru ɗan Maliki, marini a Sabon Birni, nake sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a, da masu kawo mini rini daga Tsamaye da Unguwar Lalle har zuwa Isa, rasuwar kududdufinmu na bayan marina. Ya rasu a cikin bazarar nan, a kwance a inda ubana ya haƙa shi, a hannun maƙwabtansa waɗanda suka ci amfaninsa tun suna yawo ba wando. Na sa a rubuta wannan sanarwa a karanta ta a bakin kasuwa, domin kada wani ya riga ni ba da labarin ya gyara shi yadda zai yi masa daɗi.

Na san akwai masu cewa kududdufi ba ya mutuwa, ai ruwa ne da laka. Masu wannan magana su je su tsaya a gefensa su ja numfashi sau ɗaya, sannan su zo mu yi gardama.

Marigayi ubana Maliki ne ya haƙa shi, a zamanin da Nasara suka fara karɓar haraji a ƙasar nan. Ramuka uku ne a jere, kowane yana tsiyaya wa na ƙasansa ta wata 'yar kwata. Na farko shi ne mai ɗaukar wulaƙanci. Duk ruwan baban rini da ya mutu a rijiyoyin marina, da ruwan ɗaurayar tufafi, da abin da ke fitowa ta rariyar gidajen unguwa na wanka da wanki da wanke-wanke, cikinsa ake juyewa, ya karɓa baƙi ƙirin bai ce uffan ba. Kafin ruwan ya gama zama a rami na biyu ya koma kore shar da gansakuka. A na uku kuwa, mutum yana tsaye yana ganin yashin ƙasa, tarwaɗa na kai da kawowa. Daga nan magina ke ɗiba su kwaɓa ƙasa, jakunan fatake su sha, matata Tasalla ta yi ban-ruwan albasarta har rani ya fita.

Ubana ya gaya mini tun ina ƙarami cewa a cikin lakar nan akwai wasu halittu ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Ƙazanta ce abincinsu, su ke cinye ta su bar ruwa garau, kuma ba sa neman komai a wurinmu sai iska. Ban taɓa ganin su ba, ban kuma taɓa musu ba, don kowane marini ya san rijiyar baba ma tana da rai, tana tashi tana mutuwa. Saboda haka kowace safiya nakan naɗe wando in shiga kududdufin har gwiwa da babbar ƙwarya, in ɗebo ruwan in sheƙa shi daga sama kamar mai sheƙar gero, sannan in bi shi da muciya ina kaɗawa har ya yi kumfa. Shaaa, shaaa, haka yake amsa ƙwarya. In na fito na tsaya, sai ya bi ni da godiyarsa daga ƙasa, ɓul, ɓul, ɓul. Da la'asar kuma kwaɗinsa su ɗauka, ƙwarr, ƙwarr, har liman ya taɓa aiko mini in yi musu magana.

Halayen marigayi kududdufi sanannu ne. Bai taɓa mayar wa kowa da abin da aka zuba masa ba. Bai taɓa yin wari ba, sai ɗan ƙanshin laka irin na farkon damina. Ya san gidan da ake wanka kullum, ya san gidan da sai Juma'a zuwa Juma'a, bai taɓa tona asirin kowa ba. Ni ba ni da irin halinsa, kuma mutanen unguwarmu za su gane haka kafin a gama karanta takardar nan. Abin da ya fi duka, shi ne ya riƙe marina. Rini ba ya yiwuwa sai da inda za a zubar da mataccen ruwa, ba kuma a zubar da shi a kan hanya. Wanda ya kashe kududdufin nan ya kashe sana'ata da ta ubana, ko ya sani ko bai sani ba.

Ga yadda ciwon ajali ya same shi. Na ɗora wa jakuna turkuɗi na haura ƙasar da Faransa ke mulki, zuwa kasuwar Madawa inda Buzaye ke saye. Na bar marigayi lafiya lau, na bar wa Tasalla ƙwarya da muciya. Bayan tafiyata labari ya iso gari cewa duba-gari na tafe daga Isa tare da wani Baturen likita, suna farautar ruwan da sauro ke ƙyanƙyasa a ciki, kuma unguwar da aka samu irinsa mai unguwarta zai sha faɗa a gaban jama'a. Mai unguwarmu Ɗanmusa, wanda ko inuwar hular kaki ya hango sai ya nemi maɓoya, ya tara maza a ƙofar gidansa aka yi shawara.

To, mutanenmu dabara ɗaya suka sani game da gwamnati, ita ce ɓoyewa. In masu jangali na zuwa, a kora shanu daji. In masu ɗibar 'yan aikin tilas na zuwa, a cusa samari cikin rumbu a rufe. Sai Sodangi, marini ɗan'uwana, wanda a gaban ubana ya koyi riƙon muciya, ya ce ai shi ma kududdufi sai a ɓoye shi. Ba wanda ya yi dariya. Aka ciro azara aka gitta a kan ramukan nan uku, aka shimfiɗa karan dawa, aka bi da zana, aka zuba yashi a kai aka baje. Don abin ya yi kyau har shanyar kuɓewa aka yi a sama, aka kafa turmi a gefe. Aikin gayyar da unguwar nan ba ta taɓa yi don gyaran masallaci ba, ta yi shi a yini ɗaya don binne mai rai.

Tasalla ce kaɗai ta yi magana, ta bayan danga. Ta ce, "Ranka shi daɗe, ku bar mishi ko 'yak kahwa guda shi sha iska. Mai gida ya ce abin ga shina lumfashi awa mutum."

Ɗanmusa ya ce, "Ke ɗiyag ga, koma ciki. Kwana biyu na ɗai, Nasara shi wuce mu yaye. Ruwa na, mi za ya same shi?"

Nasara bai wuce ba. Motarsu ta lalace a Isa, aka shiga jiran ƙarfen da za a kawo daga Sakkwato. Kullum a ce gobe suna tafe, kullum ba wanda ke da ƙarfin halin ɗaga zana. Ba kuma gidan da ya rage wanka ko wanki, ruwan rariya na ta kwarara ta ƙarƙashin rufi, ga zafin bazara na dafa shi daga sama. Tasalla ta ce kwaɗi ne suka fara yin shiru. Daga baya in ta kasa kunne a bakin rami, maimakon ɓul, ɓul, sai ta ji wani dogon fusss, kamar numfashin tsohon da ya gaji da jinya. Sannan wari ya taso, irin na ruɓaɓɓen ƙwai, ya shiga ɗakuna, ya shiga tukwanen miya. Da aka kai kuka wurin Sodangi, maganin da ya bayar shi ne a ƙara yashi a kuma turara kajiji. Aka ƙara yashin.

Ranar da duba-gari ya iso bai tambayi kowa hanya ba, hancinsa ya kai shi. Ya tsaya a gaban shanyar kuɓewar nan da ko ƙuda ya ƙi, ya caka sandarsa, sanda ta shige har mariƙi. Da aka yaye zana, sai ga ruwa ya riga ya koma baƙi mai kauri tun daga ramin farko har na uku, tarwaɗa duk sun juyo da fararen cikkunansu sama. Baturen ya toshe hanci da hankici ya koma mota. Nan take aka yanke hukunci a cike ramukan da ƙasa, kuma kada a sake jiƙa baba a marinar nan tun da ba ta da mazubar ruwa.

Wani bafatake ya ba ni labarin abin da ya sa har yau abinci ba ya yi mini daɗi. A wannan rangadi duba-garin nan ya bi ta Kamarawa, ya tarar da wani tafki a buɗe, da kifinsa da kwaɗinsa. Ya sa ludayinsa ya ɗebo, ya duba bai ga 'ya'yan sauro ba, ya zubar ya yi gaba. Da an bar marigayi da fuskarsa a waje, da haka za a yi masa. Ban wanke duba-gari ba, don kakinsa ne ya firgita garin. Amma shi gawa ya tarar, ba shi ya yi kisan ba.

Na dawo daga Madawa na tarar da wannan. Ban sauke wa jakuna kaya ba na ɗauki ƙwarya na faɗa ciki. Na sheƙa, na kaɗa, na sheƙa, har kafaɗuna suka mutu, ina sauraron ko zai amsa mini ko da sau ɗaya. Bai amsa ba. Na zauna a bakin ramin da ubana ya fara sa mini ƙwarya a hannu na yi kuka, kuma ba na jin kunyar a karanta wannan a kasuwa.

A nan Sodangi ya same ni. Ya ce, "Yi haƙuri, ɗan malam, mu dai taimako munka yi nuhi." Ɗanmusa kuma ya aiko a ce mini ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, ba ni da ja da ita. Sai dai ban taɓa jin ƙaddara ta ɗauko azara a ka ba, kuma an nuna mini waɗanda suka ɗauko, na san su ɗaya bayan ɗaya.

Marigayi ya rasu ya bar rijiyoyin baba bakwai, marayu, waɗanda tuni suka fara tsagewa. Ya bar ƙwarya da muciya a jingine a zaure. Ya bar albasar Tasalla, albasar da ta bi shi tun kafin a sa ranar binne shi. Kwaɗinsa da suka tsira sun yi ƙaura zuwa gulbi ba su yi wa kowa sallama ba, kuma na ga hankalinsu. Ya bar rariyoyin gidajen unguwa kaf, waɗanda yanzu kowace ke amayar da abin cikinta a ƙofar mai ita, har da ta mai unguwa, inda ruwan ya kwanta ya yi kore. Sauron da aka yi duk wannan wahala dominsa yana nan lafiya, ya ƙaru da 'ya'ya da jikoki, yana gaishe da kowa.

Za a binne marigayi ranar Alhamis da hantsi, a inda yake kwance. Ba za a yi masa salla ba, tun da ba mutum ba ne, ko da yake ya fi wasu mutanen amfani. Kowa ya zo da fartanyarsa da kwandonsa. Waɗanda suka ɗauko azara da zana su za su ɗauko ƙasa, sun riga sun san hanya, kuma an keɓe musu gefen da iska ke kaɗawa don su yi bankwana da shi sosai. Ni za ni zuba kwandon farko. Babu zaman makoki, babu sadakar uku, babu gumba. Ana karɓar gaisuwa daga baƙi da mutanen ƙauye. 'Yan unguwa su riƙe tasu.

Washegari Juma'a bayan an sauko daga masallaci za ni ziyarci kabarin ubana in gaya masa abin da aka yi, sannan ni da Tasalla mu ɗaure kaya mu haura Madawa, inda wani marini ya ce zai ba ni rijiya ɗaya a gefen nasa. A garin da aka haife ni ina da bakwai. Saboda haka duk wanda ya kawo rini bai karɓa ba, ya zo zaure kafin lokacin ya ɗauki kayansa. Rigar da mai unguwa ya kawo a rina masa don Babbar Salla tana saman tulin, na ninke ta da hannuna, fara fat kamar yadda ya kawo ta.