Fentin Motar Kawu Ishaya

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Alhamis ta watan Fabrairu ba. Ko na so in manta, mutanen layinmu ba za su bar ni ba.

Kawu Ishaya ƙanin mahaifiyata ne. Shi ya yi mini hanyar zuwa ƙasar nan, a gidansa na zauna har na gama karatun jinya na yi aure. Ya fi shekara ashirin yana tuƙin tasi a New York, da ya ajiye aiki sai ya saya wa kansa wata baƙar mota, irin baƙin nan da in ka yi murmushi kake ganin haƙoranka a jiki. Bai taɓa barin kowa ya tuƙa ta ba. Ko jingina ka yi da ita sai ka ji ya yi gyaran murya. To, da zai tafi gida Kafanchan ya guje wa sanyi, sai ya kira ni ya ɗora mini makulli a tafin hannu.

"'Yata," ya ce, "'ya'yan cikina ban ba su ba. Ke na ba."

Na koma gida kaina ya fi ƙarfin hulata.

Wanda bai yi sanyi a unguwarmu ta Bronx ba, ba zai gane abin tsoron ba. Ba dusar ƙanƙara ce ke kashe mota ba, gishirin da ake watsawa a titi ne don ta narke. Sai ya manne a jikin mota, ya ci fenti, ya bi ta ƙasa ya kawo tsatsa. Mu kuwa ba mu da gareji, a bakin titi muke ajiye mota, ɗan nesa kaɗan da babban titin Grand Concourse. Shi ya sa kwana biyu da tafiyar Kawu na kai ta wurin Malam Awudu, wani mutumin Kumasi mai ɗan shagon wankin mota da goge fenti. Ya wanke ta tas, ya shafa mata wani mai wanda in ya bushe yake zama kamar siririyar fata a kan fenti. Da ya gama ya ɗebo ruwa ya zuba a bonet, wato murfin injin. Ruwan ya dunƙule ya gangara, ko laima bai bari ba.

"Anti, ka gani?" ya ce. (Hausar zangon Kumasi ba ta raba mace da namiji, na daɗe da daina jin haushi.) "In dai ruwa na gudu haka, man na nan. Zai kai ka har zafi ya dawo. Amma duk sati biyu ka kawo a wanke gishirin. Wannan shi ne sharaɗi."

Na ce ai ko duk sati ne zan kawo.

Watan farko na cika alkawari. Har na zama malamar fenti. A bakin coci, a ɗakin shan shayi na asibiti, duk wanda ya ambaci mota sai na karɓe zancen ina bayanin gishiri da tsatsa, ni da har yau ban san inda ake zuba ruwan goge gilashi ba. Sai Janairu ya shigo, asibiti ya cika maƙil, aiki ya ninku. Sati biyu ya zama huɗu, huɗu ya zama shida, motar ba ta ga ruwa ba. Ban gaya wa kowa ba. Kaina ma ban cika gaya wa ba.

Daga nan aka yi dusar ƙanƙara sau biyu a jere. Aka dakatar da sharar titi, wadda ita ce ke tilasta wa mutane kawar da motocinsu duk sati, don haka ba mai buƙatar gusa mota. Layinmu ya koma kamar gonar doya, tsibi bayan tsibi, kowane da mota a ciki. Na yi kusan sati biyu ban sa ta a ido ba.

Ranar Laraba sai ga wayar Kawu. Ya sauya tikiti, Asabar yana nan.

"Yaya motar?" ya tambaya, tun kafin ya tambayi yara.

"Tana nan, Kawu, sai sheƙi take yi."

Washegari da safe na sauka da shebur, da tsintsiya mai laushi, da filas cike da ruwan ɗumi. Na nufi inda na san na ajiye ta, gaban shagon wankin kaya, daidai wata bishiya. Na fi awa guda ina tono. Bayana ya riƙe, yatsuna suka daina jin komai, amma da na hango baƙin fenti sai na ji daɗi. Na sa tsintsiya na share ƙofa.

Jama'a, abin da na gani ba baƙin madubi ba ne. Baƙin bayan tukunya ne. Fentin ya dushe, ya yi fari-fari. A saman tayar baya ga tsatsa faɗin tafin hannu, ga wani dogon karce tun daga ƙofa har but ɗin baya. Na buɗe filas na zuba ruwa a bonet. Ya kwanta shame-shame kamar a kan siminti.

Kun san mai laifi, in ya ga wanda zai ɗora wa, da hannu biyu yake karɓa. Can ƙasan zuciyata sati shidan nan na motsi, amma na danne shi na kira Malam Awudu. Ban gaishe shi ba. Na ce ya cuce ni, ya cuci dattijo, ruwan sabulu ya shafa ya kira shi mai. Na ce ya zo yanzu-yanzu ya ga aikin hannunsa. Ya ce, "Anti, ina zuwa," ya kashe waya.

Da a nan na tsaya da da sauƙi. Amma ina tsaye cikin sanyi, zuciya na tafasa, sai na buɗe zauren matan cocinmu a waya na naɗi saƙon murya. Minti huɗu. Na faɗi sunansa, na faɗi titin shagonsa, na ce duk mai son motarta ta kiyayi mutumin nan. Har da "na faɗa muku don Allah" na rufe.

Kafin Malam Awudu ya iso, Hajiya Rabi, 'yar Nijar mai shagon kitso a ƙasan gininmu, ta fito ta tsaya. Masu jiran bas su ma suka matso. Ganin na samu 'yan kallo, yana sauka daga motar aikinsa na ƙara murya.

"Zo ka gani! Wannan ne abin da zai kai ni har zafi?"

Ya zagaya motar a hankali, ya sa yatsa ya taɓa tsatsar.

"Wannan tsatsa ya fi shekara uku," ya ce.

"Kun ji ko? Yanzu kuma Kawu zai ɗora wa! Mutumin da ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kanta!"

Ya tsuguna a baya, ya sa hannu ya share ƙanƙarar da ta rufe lamba. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙe ya karkaɗe gwiwa.

"Anti, makulli na wurinka?"

"Yana wurina. Sai me?"

"Danna."

Na zaro shi daga jaka na danna maɓallin buɗe mota, da irin ƙarfin mai gaskiya. Motar da ke gabana ko motsi. Amma can tsallaken titi, wani tsibin ƙanƙara da ba wanda ya taɓa shi ya yi ƙara sau biyu, fitila ta yi walƙiya daga cikinsa. Na sake dannawa, wai ko za a sauya shawara. Tsibin ya sake amsawa.

Hajiya Rabi ta juya ta shige shagonta ta rufe ƙofa, don ladabi, amma ta gilashi muna jin dariyarta.

Na kira maigidana, Dauda, muryata ta koma ta 'yar firamare. Ya ce, "Ai ni na gusa ta, ranar da aka manna takarda za a gyara bututu a gaban shagon. Na turo miki saƙo har da hoto." Na duba. Ga hoton, ga motar a tsallaken titi, ga amsata a ƙasa: "To, na gode." Ni na rubuta. Ban san lokacin ba.

Ina cikin wannan hali sai ga wani tsoho ya fito daga ginin gefe, da sanda, ya ɗora babbar riga a kan kayan barci. Ya kama hannuna biyu yana godiya, rabi da Turanci rabi da Sifaniyanci. Ashe motarsa ce. Ya ce bayansa na ciwo, kwana da kwanaki yana roƙon Allah ya aiko wanda zai tono masa ita. Tun da na fara aikin yake kallona ta taga, bai so ya fito ya katse ni ba. (Na lura dai sai da na gama ya fito.) Ya ciro lemu ɗaya daga aljihu ya ba ni. Na karɓa. Me zan yi?

Malam Awudu ya ɗauki sheburina ya tsallaka titi, na bi shi kamar akuyar da aka kama a gonar mutane. Muka tono ta tare. Da jikinta ya fito, sai na ga gishiri ya lulluɓe ta fari fat kamar an barbaɗa toka. Na ce shi ke nan, na yi kunya a banza kuma ga asara a kai.

Ya kawo ruwa daga motarsa ya fesa sosai, ya bi da tsumma mai laushi. Gishirin ya zame kamar bai taɓa zama ba. Baƙin ya fito, na ga fuskata a ciki, hula a karkace, hanci na yoyo. Ya miƙo hannu na ba shi filas, ya juye sauran ruwan a bonet. Ruwan ya dunƙule ƙwallo-ƙwallo yana gudu kamar a kan ganyen gwaza.

Na zauna a kan ƙanƙara ina dariya, hawaye na zuba, lemu a hannu.

Malam Awudu ya sunkuya ya zuba ruwa a ƙasan ƙofa, kusa da taya. A nan ruwan ya ja jiki kafin ya sauka.

"Nan gishiri ya fara cinye man," ya ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji. "Fenti dai lafiya. Amma tun Kirsimeti ban gan ka ba, Anti."

Ashe ya sani tun ina zaginsa a gaban mutane. Da kalma ɗaya zai iya kwance mini zane a kasuwa, ya riƙe ta. Wannan ya fi danna makullin ƙona ni. Na durƙusa a nan bakin titi na ce, "Malam Awudu, don girman Allah ka yafe mini."

"Ba komai," ya ce. "Ni na yafe. Matata ce ban sani ba. Ya riga ya ji saƙon."

Ashe cikin ƙasa da awa ɗaya, muryata ta fita daga zauren matan coci ta isa wurin matan 'yan Kumasi da ke nan. Na naɗi saƙo na biyu na janye maganata, na ba da haƙuri, na faɗi gaskiyar sati shida. Sai dai na gane saƙon ban haƙuri ba ya da ƙafa irin ta saƙon faɗa. Dole na bi mata ɗaya-ɗaya ranar Lahadi, har na ja uku da motocinsu zuwa shagonsa. Matarsa kuwa sai da na je har gida, ta bar ni a tsaye na ɗan lokaci kafin ta ce in zauna in ci tuwo.

Ranar Juma'a Malam Awudu ya wanke motar, ya sake shafa man a ƙasan ƙofofi. Asabar Kawu ya sauka. Bai shiga gida ba sai da ya zagaya ta sau uku, ya sunkuya ya leƙa ƙasa, ya ja yatsa a bonet ya duba yatsan.

"Madalla, 'yata," ya ce. "Na san ban yi zaɓen tumun dare ba."

Na ce, "Aikin Malam Awudu ne, Kawu." Numfashin da na riƙe tun Laraba sai a lokacin ya sauka.

Man dai ya riƙe amanarsa wata uku cikin gishiri, ni ce ban riƙe bakina minti huɗu ba. Yanzu in raina ya ɓaci, sai na tabbatar abin da nake faɗa a kai nawa ne kafin in ɗaga murya. Tsohon nan kuwa, duk ranar da aka yi dusar ƙanƙara, in na fito zan tafi aiki sai ya buɗe taga ya ɗaga mini hannu, ya nuna mini inda ya ajiye motarsa.