Kajina Marasa Wando

Ranar da na sayo 'yan tsaki arba'in a Babbar Kasuwa, na ga duk sun shige kwali ɗaya, har da sauran wuri. Sai na sa kafinta ya buga mini akurkin da ya ɗara kwalin kaɗan. Matata ta leƙa ta ce, "Malam, ai girma za su yi."

"Kin taɓa kiwo?" na ce. Ni ma ban taɓa ba, amma ni ne maigida. Har na yi wa surukina alkawarin zakaru biyu na Sallah, a gaban mutane.

Tsinannun suka girma. Babu wurin juyawa, babu filin tono, sai suka koma figar juna. Kafin Sallah kowannensu ɗuwawu a waje, jajir.

Na zaɓi masu dama-dama na kai wa surukin nawa gidansa a Ƙofar Durbi. Tsohon ya ɗaga ɗaya a gaban 'yan majalisarsa, ya juya shi a hankali, ya ce, "Allah ya yi albarka. Amma mu nan sai mun yanka muke figewa."

Shekara huɗu ke nan. Har yau telan unguwar in ya hango ni sai ya ƙwala, "Malam, wandon kaji nawa za a ɗinka bana?"