Waifar Dottore Zanasi

Kaf garin Roccavecchia babu wanda ya san mota kamar Dottore, wato Dakta, Ermanno Zanasi. Shi da kansa ya tabbatar da haka, kuma mutum ne da ba ya ƙarya a kan kansa. Shekara talatin yana buga hatimi a ofishin lasisi, ranar da ya yi ritaya ya sayi jar motar tsere ta hannu, da safar hannu ta fata. 'Yan shagon kofi suka raɗa masa Guguwa. Ya karɓi sunan hannu bibbiyu.

Ana saura kwana biyu ƙungiyar masu motocin tsere ta hau dutse ta zaɓi sabon shugaba, Guguwa ya dira garejin Gualtiero makanike.

"Cire mini wannan waifar mai share gilashin baya," in ji shi. "Iska take tarewa. Giram ɗari shida, Gualtiero! Ka san abin da giram ɗari shida ke yi wa mota wajen shan kwana?"

Gualtiero ya dubi waifar, ya dubi tumbin Dottore, ya ɗauko sifana.

"Dottore, an ce fa za a yi ruwa ranar Lahadi."

"Ruwa na kama motar da ke tsaye ne, ɗana. Lanƙwashe madubin gefen ma."

Lahadi ta zo da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Guguwa ya kutsa ya shige gaban ayari, matarsa Ornella na gefe rungume da kwandon abinci. Hanyar siririya ce, mota ɗaya take ci. Kafin kwana ta uku gilashin baya ya koma kamar an shafa masa kunu. Dottore ya ƙanƙame sitiyari, ya saka giya ta biyu, bai sake fita daga cikinta ba.

Can sai hon ya ɓarke a baya.

"Kin ji, Ornella? Jinjina ce. Ko ɗaya bai iya wuce ni ba."

"Ermanno, wani mai keke ya wuce mu ɗazu."

"Ɗan tsere ne. Ba ajinmu ɗaya ba."

Minti hamsin suka yi a tafiyar minti goma sha biyar. Da suka iso, Guguwa ya fito yana ɗaga hannu, sai ya ga abin da ya jawo: motoci ashirin da uku, biyu injinsu na tururi don zafi, da motar madara, da limamin coci wanda ya makara ɗaurin aure.

Duk da haka ƙungiya ba ta yi butulci ba. Shugabanci dai Gualtiero aka ba, amma bakinsu ɗaya suka ƙirƙiro wa Dottore muƙami na musamman: Babban Mai Rufe Ayari. Daga yau motarsa ce ta ƙarshe a kowace tafiya.

Ya miƙe ya yi jawabin godiya na minti ashirin. Washegari ya ba da aikin buga masa kati mai ɗauke da sabon muƙaminsa.