Alhaji Sahun-Gaba da Rundunar Sarakuna

Duk wanda ya ce bai san Alhaji Jamaluddeen mai tayil ba a Tudun Wada, to baƙo ne, ko kuwa hassada ce ke cin sa. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwar zama a gaba. A ɗaurin aure yana gaba, a raɗin suna yana gaba, a hoto kuwa ko ba a kira shi ba za ka tarar da hularsa a tsakiya. Bai taɓa zuwa taro da wuri ba, bai kuma taɓa zama a baya ba. Yadda yake haɗa waɗannan biyun, sirri ne tsakaninsa da kafaɗunsa. Shi ya sa mutanen unguwa, saboda tsabar ƙauna, suka raɗa masa Alhaji Sahun-Gaba. Sunansa na yanka kuwa ba a gutsure shi. Wanda ya kuskura ya ce Jamalu, sai ya ji an ce masa, "Ƙarasa mana, ai ba saye kake yi ba."

Akwai wata majalisa a bakin shagon Malam Lawal tela, inda magidanta ke shan iska bayan la'asar. Wata rana Alhaji ya biyo ta nan ya yi sallama. Aka amsa masa yadda addini ya ce, sai dai ba wanda ya ɗaga kai, kowa ya sunkuya a kan wayarsa. Amsar sallama ba ɗaga kai, a wurin Alhaji, shayi ne ba sukari. Ya tsaya ya yi gyaran murya har maƙogwaronsa ya fara zafi. A ƙarshe ya ƙasƙantar da kansa ya tambayi abin da ya fi shi daraja a cikin wayar.

Wani wasa ne na karta, amma ba irin ta caca ba, don ba a zuba komai. Sunansa na Turanci ya fi ƙarfin bakin dattawa, sai ake ce masa Kartar Yaƙi. Kowane kati da hoton mayaƙi a jikinsa, kowa kuma shi yake tara nasa ya haɗa rundunarsa. Sai waya ta haɗa ka da wani, ko a Kwangila yake ko a bayan teku, ku gwabza. Kowa yana da rai, wanda ransa ya fara ƙarewa ya faɗi. Dabarar tana wuri ɗaya. Kowane mai wasa yana da wani ɗan tulu na ƙarfi, wanda ke farawa fanko, ƙarfi na ɗiga a cikinsa kaɗan-kaɗan duk zagaye. Ƙananan katuna, irin su ɓera da ɗan tsako da mai gora, ɗigo ɗaya ya ishe su su fito fili. Manyan kuwa, su Sarkin Guguwa da Dodon Teku, ba sa motsi sai tulu ya cika.

A faɗi gaskiya, wasan yana da kyau. Yana wasa ƙwaƙwalwa, yana koya wa mai gaggawa haƙuri, ya kuma sa Malam Salmanu, wanda tun da ya yi ritaya daga aikin ofis ba ya komai sai faɗa da rediyo, ya koma mai dariya. Aibinsa kuma ba a ɓoye yake ba. Yana cin caji, yana cin lokaci, har sai da majalisa ta kafa doka cewa da an ji kiran salla kowa ya kife wayarsa ko da nasara na bakin ƙofa. Babban aibin shi ne, manyan katunan ba sa samuwa sai da doguwar juriya, ko kuwa ka sayi ƙunshi a rufe, ba ka san abin da ke ciki ba sai ka buɗe. Cinikin biri a sama ke nan.

Wannan aibin shi ne ya fi burge Alhaji. Da ya ji ana iya sayen girma ba sai an jira ba, sai ya ce lallai masu hankali ne suka ƙera wasan. Ya shiga saye ba ji ba gani. Ƙunshi ya buɗe, ɓera ya fito, ya yi tsaki. Wani ya buɗe, tsako ya fito, ya yi Allah wadai. Bai gushe ba sai da ya tara sarakunan da duk majalisa ba mai rabinsu, har da Dodon Teku mai ƙyallin zinariya, wanda in ya bayyana wayar kanta sai ta yi gurnani.

Ranar da ya zo haɗa runduna, a gaban jama'a ya yi ta. Ya bi ƙananan katunan ɗaya bayan ɗaya yana sallamar su. Malam Salmanu ya leƙo ya ce, "Alhaji, da ka bar ko 'yan kaɗan. Su ne ke tare maka ƙofa kafin manyan su shirya."

Alhaji ya dube shi irin kallon da likita ke yi wa mai ba shi shawarar magani. Ya ce, "Malam Salmanu, ka yi aikin gwamnati amma ba ka yi mulki ba. Mutum da tawagarsa ake gane shi. Ni Jamaluddeen, a gan ni na fito fili ɓera na gabana, tsako na bayana? Me zan gaya wa surukaina? Rundunata ba ta ya-ku-bayi ba ce. Duk wanda ba shi da rawani, ya nemi wani ubangidan."

Malam Salmanu ya ce Allah ya ba da sa'a, ya koma kan wayarsa.

Daga nan Tudun Wada ta shiga alheri. Wanda ya je sayen tayil sai an nuna masa Dodon Teku kafin a nuna masa tayil. Hajiya Atika, uwargidan Alhaji, ta haddace sunayen sarakunan nan kaf ba da son ranta ba, don da su ake karyawa da su ake cin tuwon rana. Labari ya bazu cewa ba a taɓa cin Alhaji a Kartar Yaƙi ba. Kuma gaskiya ne, ba ƙari a ciki. Ba a taɓa cin sa ba, domin bai taɓa bugawa ba. In an ce ya zo a taɓa, sai ya ce zaki ba ya farauta don a gani.

Ana nan sai 'yan wasan unguwar Kongo, malamai da ɗalibai, suka aiko wa majalisar Tudun Wada goron gayyata, a zo a yi wasan zumunci. Dole a fitar da jagora, wanda zai zauna a gaba ya buga wasan farko da sunan unguwa. Kafin a gama karanta saƙon Alhaji ya riga ya gode wa jama'a bisa amanar da suka ɗora masa. Washegari ya kawo wa Malam Lawal shadda, ya ce a ɗinka masa babbar riga, a zana Dodon Teku a aljihun gaba.

Sai Suhaibu mai kemis, wanda bakinsa ba ya da linzami, ya ce ai jagoranci ba gado ba ne. Duk mai so ya buga wasa ɗaya a bainar jama'a da duk wanda waya ta zaɓo masa. In ya ci, kujera tasa ce. Majalisa ta ce haka ne. Alhaji ya duba hagu ya duba dama bai ga ƙofar fita ba, sai ya ce dama abin da yake shirin faɗa ke nan.

Ranar Asabar bayan la'asar aka jona wayarsa da talabijin ɗin shagon Malam Lawal don kowa ya gani. Alhaji ya iso a makare, cikin sabuwar riga, ƙamshin turare na share masa hanya. Waya ta zaɓo abokin karawa. Sunansa da wasu haruffa ne da ba wanda ya iya karantawa, hotonsa kuma kyanwa ce sanye da tabarau. Namiji ne ko mace, tsoho ne ko mai jiran mota, Allah masani.

Akwai abu ɗaya da Alhaji bai taɓa tambaya ba. Wasan ba ya jira. In zagayenka ya zo, wata igiya ce ke kamawa da wuta a gefen allo, in ta cinye ba ka yi komai ba, an wuce ka. Zagayen farko Alhaji ya naɗe hannu yana jiran Kyanwa ta fara gaishe shi, tunda ƙarami ke gaida babba. Igiya ta cinye. Kyanwa ta turo ɓera.

Alhaji ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce, "Jama'a ku shaida. Da ɓera aka zo yaƙar Jamaluddeen."

Ya duba hannunsa, sarakuna ne reras, kowa da rawaninsa. Ya taɓa Sarkin Guguwa, bai motsa ba. Ya taɓa Sarkin Dutse, ko gezau. Tulu bai kai ko rabi ba. Ya juyo ya yi wa majalisa bayani cewa haka sarauta take, ba a fitowa da rana tsaka kamar masu tallar rake. Kyanwa ta ƙaro mai gora, ta ƙaro tsako. Ɓera ya matso ya ɗan gutsiri ran Alhaji, ya koma. Mai gora ya ɗan taɓa. Ba wani bugu mai ƙarfi, irin dai cizon da ake cewa ba komai.

Haka aka yi ta yi. Ƙarfi na ɗiga a tulu, rai na zuba. Fadar Alhaji ta cika maƙil da manya, kowa na jiran a gama share masa fili, ba mai sharewa. Ashe gari in duk sarakuna ne, ba mai ɗebo ruwa. Alhaji ya fara gumi, ya ce fankar shagon ce ba ta da kirki. Ya ce sabis ne ke masa zagon ƙasa. Suhaibu ya ce, "Alhaji, sabis ɗin nan ko a Abuja sai haka."

To, shi wasan nan, kamar yadda aka faɗa, yana jin maganar mai saye. Ana saura numfashi ɗaya a ran Alhaji, sai tulu ya cika, Dodon Teku ya kama ƙyalli. Kowa a wurin ya san in dodon nan ya sauka, zai share ɓera da tsako da mai gora a lokaci guda, wasa ya juya. Malam Salmanu har ya miƙe tsaye. Ya ce, "Alhaji, danna. Yanzu."

Amma babban baƙo ba ya shigowa a ɓoye. Alhaji ya ajiye wayar a kan teburin yanka. Ya miƙe, ya saɓa hannun riga na dama, ya saɓa na hagu, ya juya aljihun gaba yadda kowa zai ga zanen. Ya ce, "Kafin in saki wannan bawan Allah, ya kamata a san tarihinsa. Ba a tsintar irinsa a hanya. Mutane da yawa sun nema, ciki har da wasu da ke zaune a nan, amma shi arziki yana sanin gidan da zai sauka. Tun ina ƙarami mahaifina yake cewa, Jamaluddeen, kai ba a gaggauta ka."

Malam Lawal ya ce, "Alhaji, igiya."

"Kar ka katse ni, Lawal. Wanda ya jira shekara, ya jira..."

Igiya ta cinye. Ɗan tsakon nan ya tako a hankali, yana rangaji, ya tsaya gaban hoton Alhaji, ya sa baki ya kai sara ɗaya. Allo ya yi duhu. Kyanwa mai tabarau ta turo hoton hannu yana ɗagawa, alamar an gode, ta tafi abinta ba tare da ta san ta kayar da Sahun-Gaban Tudun Wada ba.

Majalisa ta haɗiye dariyarta saboda ladabi. Suhaibu kawai ne tari ya sarƙe, sai da ya zagaya bayan shago ya yi shi sosai.

Alhaji bai girgiza ba. Ya ce da gangan ya yi, don ya gwada ko majalisa tana da haƙuri, kuma babba shi ne mai barin na baya su taso. Ya ce ya yafe kujerar, a ba Malam Salmanu. Aka yi masa godiya bisa kyautar abin da ba nasa ba. Ranar tafiya Kongo kuwa alƙawarin Allah bai tashi ba, Alhaji ne a gaba, don motarsa aka shiga kuma shi ya tuƙa.

Saura abu ɗaya. Wasan yana da tausayi, duk wanda ya faɗi karon farko yakan ba shi kyautar kati na rarrashi. Da Alhaji ya buɗe nasa, sai ga ɗan tsako. Ya yi ya yi ya kore shi, wayar ta ce kyauta ba ta gogewa. Har yau yana nan a tsakiyar fada, Sarkin Guguwa a damansa, Dodon Teku a hagunsa. In Alhaji na nuna wa masu sayen tayil rundunarsa, sai ya sa babban yatsa ya rufe shi. Bai kyauta ba. A duk fadar nan, shi kaɗai ne danginsa suka taɓa cin yaƙi.