Rasuwar Duna, Wadda Aka Cire wa Madubi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wuta kuma a ƙarƙashin baƙin cikin, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa zama a kan kujerar shagona na ce masa ya ɗaga haɓa, rasuwar kyamarata wadda muke kira Duna saboda baƙinta. Ta rasu bayan gajeriyar jinya, a hannun wanda ba likitanta ba.

Ni ban yi makaranta ba. Mai buga takardu da shagonta ke jikin nawa ita ce take rubuta wannan, na kuma ce mata yadda magana ta fito daga bakina haka za ta sa ta, kada ta shafa mata mai. Ta ce ba a yi wa ƙarfe sanarwar rasuwa. Na ce ta buga, ba shawara na zo nema ba.

Marigayiya ba 'yar babban gida ba ce. Ranar da maigidana, Allah ya ji ƙansa, ya shigo da ita a kwalinta, da bakinsa ya ce ita ce ƙarama a danginsu, irin wadda ake saya wa mai koyo. Amma ƙaramar nan ita ta riƙe gida. Ita ta ciyar da mu, ita ta kai ɗanmu makaranta, ta yi ta tura shi gaba har ya yi nisan da yanzu sai a waya nake jin muryarsa. Da ciwo ya kwantar da maigidan, ya kama yatsana ya ɗora a kan madanni ya ce, "Riƙe numfashi, sannan ki danna." Karatun da na yi a duniya ke nan, kuma ban taɓa faɗuwa jarrabawarsa ba.

Halinta kowa ya shaida. Ba ta da ciye-ciye: a cika mata batir sau ɗaya, ta yi kwanaki tana aiki ba ta yi ƙorafi ba. Ba ta ƙarya. Mai ƙaton hanci da ƙaton hancinsa yake fitowa, in ya yi fushi na ce ya je ya tambayi iyayensa. Tana da haƙuri da jarirai masu tsala ihu, da tsofaffin da sai an danna suke rufe ido, da 'yan mata masu cewa a sake har rana ta karkata. Ta taɓa faɗowa daga kan tebur, gefenta ya ɗan ɓantare, ta tashi ta ci gaba da aiki. Aibinta ɗaya, nauyi. Wuyana da wuyan hannuna sun san ta.

Ga wanda bai sani ba, irin su Duna akwai ɗan madubi a cikinsu, bai kai faɗin kwalin ashana ba. In ka sa ido a 'yar tagar baya, shi ne yake ɗauko maka mutumin da ke zaune a gabanka, shi ɗin kansa, ba hotonsa ba. In ka danna sai madubin ya ɗaga, duhu ya gifta kamar ƙiftawar ido, ya dawo ya zauna: ƙaras! Wannan ce muryarta. In na ɗan ja yatsa sai ta fara da ɗan kukanta, tsit-tsit, wato ta gano fuskar, sannan ƙaras. Tun da aka fita da maigidana, ba wata murya da ke amsa mini kullum sai wannan. Ranar da aka wuni ana ruwa ba wanda ya leƙo, nakan saita ta a kan kujerar ba kowa, in danna, in ji ta amsa. Kafin in rufe shago in bi hotunan kujerar in goge, don kada wani ya gani ya ce tsohuwa ta taɓu. To yanzu na faɗa, duk mai cewa ya ce.

Ciwon ajalinta da ƙiftawar nan ya fara. In danna, madubin ya ɗaga ya ƙi saukowa, idona na cikin duhu, mutum na zaune yana murmushi har kumatunsa su gaji. Sai na ɗan buga mata gefe da tafin hannu sannan ta farfaɗo. Likitan kyamara na gaskiya yana can ƙarshen gari, a saman bene, ni kuwa gwiwoyina ba sa shiri da matakala, ba kuma wanda zai kai ni. A bakin layinmu akwai mai gyaran waya da ya rubuta wa kansa Injiniya da jan fenti a jikin rumfa. Ya ga ina dukan Duna ya ce, "Haba Iya, ina nan kike wahala? Abin da ke da batir duk ɗana ne." Na miƙa masa ita da hannu biyu.

Da na koma karɓa ya miƙo mini ita yana washe baki. Na sa ido a taga: baƙi ƙirin. Na danna: ko uffan. Na ce ina muryarta?

Ya ce, "Iya, madubin ne matsalar, na cire miki shi. Yanzu marar madubi ake yayi. Kyauta na kai ki zamani."

Jama'a, ku ji fa. Ya ji a bakin mutane ana cewa an yi sababbin kyamarori marasa madubi, sai ya ɗauka cirewa ake yi, kamar yadda ake cire haƙori. Da ya ji ana cewa jirgi marar matuƙi, da sai ya jefo direba ta taga.

Mai buga takardu ce ta rufe shagonta ta kama ni muka hau benen nan, ina hutawa a kowace kwana. Likitan ya buɗe Duna, ya daɗe yana kallo, ya cire tabarau. Ya ce an karya hannun da ke ɗaga madubin, an kuma soke labulen da ke bayansa da bakin sukudireba, ba za ta gyaru ba. Ya tambaye ni wa ya yi wannan aika-aika. Ya mayar mata da murfinta a hankali, yadda ake rufe wa mamaci ido. Shi kaɗai ne ya yi mini gaisuwa.

Na koma wurin Injiniya na ce ya ba ni madubina. Ya ce ya jefar. Ƙarya yake. Da idona na gan shi, ya manna shi da gam a bakin wani tsinken ƙarfe, yana leƙa cikin wayoyi da shi, in ba aiki kuma ya buɗe baki yana duba dasashinsa. Madubin da ya ga amare, ya ga 'yan makaranta ranar gamawa, ya ga duk abin da idon maigidana ya gani, yau shi ke kallon abin da ya maƙale wa wani ƙato a haƙori. Kuma yana bin layi yana gaya wa mutane wai tsohuwa ce ba ta gane ci gaba ba.

Na kira ɗana. Ya saurare ni rabi da rabi, ina jin yatsunsa suna buga wani abu. Ya ce, "Mama, don Allah ki bar rigimar nan, madubi ne fa. Zan saya miki sabuwa. Akwai mai madubi, akwai marar madubi, duk ƙanana daidai aikinki, ki je ki gani ki zaɓa. In kuma ba ki zaɓa ba kafin ƙarshen wata, a mayar wa mai ɗaki makullinsa, ki koma gida ki huta."

In huta. Ni na ce masa na gaji? Gidan da yake faɗa na san shi: gado, agogon bango, da ƙofar da ba a ƙwanƙwasawa. A shago ko ba komai mutum zai shigo ya zauna ya kalle ni ido cikin ido, domin dole ne ya kalli inda nake. Ku nuna mini wani wuri da ake kallon tsohuwa haka.

Na je shagon masu sayar da kyamara, kuma zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba. Marar madubin ba laifinta. Mai shagon ya ɗora mini ita a tafin hannu, na ji kamar na ɗauki ɗan tsako. Da kanta take nemo idon mutum ta kama. Tun kafin ka danna take nuna maka yadda hoton zai fito, in duhu ne ka gani, in haske ne ka gani, abin da ni sai na ɓata hoto nake sani. Idona da ya fara hazo ya ji daɗinta, ba zan ɓoye ba. Na tambayi cinta, ya ce gara in riƙe batir na biyu a kusa. Na tambaya ko gilashin da ake ɗaura wa Duna a gaba zai hau kanta, ya ce sai an sa wani zobe a tsakani. Na sa ido a tagarta, na ga mai shagon, amma a cikin ɗan talabijin na gan shi. Duk wannan da na haƙura.

Sai ya ce, "Hajiya, tsaya ki ga abin mamaki." Muryarta dama 'yar siririya ce, tsik, kamar an karya tsinke. Ya taɓa wani wuri ya ce in danna. Na danna. Ya ce ai ta ɗauka. Na ce yaushe? Ya ce, "Kin gani? Ko motsinta ba za ki ji ba. Shiru kake ji!" Yana murna kamar ya ba ni kujerar aikin gwamnati.

Na ajiye masa abarsa. Na ce, ɗan nan, shiru ina da shi a gida, ɗaki biyu cike, ba sai an saya mini ba.

Ya ɗauko mai madubin daga can ƙasan kanta, ya hure mata ƙura. Ya ce irinta sun fara ƙaranci, masu saye duk sun koma wancan ɓangaren. Na ce to mun dace da juna. Nauyinta na nan, wuyan hannuna ya faɗa mini tun kafin in kai ta ido. Na danna. Ba muryar Duna ba ce, ta fi ta kauri, amma harshensu ɗaya.

Saboda haka ɗana ya ji, tunda na san za a tura masa wannan a waya: mai madubi na zaɓa. Sai dai sabuwa ba za ta taka shagon nan ba Duna na kwance da rami a ciki. Ba a haka a gidanmu. A dawo mata da abin da aka cire, a rufe ta cikakkiya, sannan a shigo da wata. In ƙarshen wata ya zo madubi bai dawo ba, aka karɓe makulli, kowa ya san a wuyan wa shagona yake.

Ba diyya nake nema ba. Abu biyu ne. Injiniya ya ɓamɓare madubin daga tsinkensa, ya wanke shi, ya sa mini a hannu. Sannan ya tsaya a bakin rumfarsa, inda tela da mai aski da mai walda za su ji, ya ce, "Ban iya ba, ni na kashe ta." Da murya, ba a cikin haɓa ba.

Marigayiya ta rasu ta bar gilashinta guda, lafiyarsa ƙalau amma ba ya ganin komai sai da ita. Ta bar batir biyu, ɗaya ya kumbura tun kafin rasuwarta. Ta bar mai ƙafa uku da take hawa, wanda aka ɗaure wa ƙafa ɗaya da roba. Da farin ƙyalle da shuɗi na jikin bango. Da baƙar kwat ta aro wadda rabin masu neman aikin garin nan suka saka suka yi hoto. Da igiyar rataya da har yau ba ta rabu da gumin maigidana ba. Ta kuma bar ni.

Za a fito da gawa ranar Litinin da safe, da zarar an buɗe shaguna. Ni zan ɗauke ta a wuyana, ba na bukatar taimako. Ba a gida za a yi zaman makoki ba, ba kuma a shago ba. A ƙofar rumfar Injiniya za a yi, daidai inda masu kawo masa waya suke tsayawa, kullum daga buɗewarsa zuwa rufewarsa, har sai ya cika abu biyun nan. Bayan haka za a mayar mata da madubinta, a sa ta a jakarta ta asali, a ɗora ta a saman kantar shago inda za ta fuskanci ƙofa.

Mai zuwa gaisuwa ya taho da abin zamansa da laima, rumfar ba ta da inuwar kirki. Ba sai an kawo komai ba. Ba sai ka san marigayiya ba. Roƙona ɗaya: in mutumin nan ya ji kunya ya miƙo madubin tun da hantsi, don Allah kada ku watse nan take. Ku ɗan zauna. Ni ba inda za ni.